Fatawa: Hukuncin Raba Kuɗin Ɗan Kwangila Don Sayen Ƙuri'a

TAMBAYA: Ni mazaunin Turaki ne a Jalingo, ina aiki a wani kamfanin gine-gine. Duk kakar zaɓe maigidanmu kan ba mu kuɗi da shinkafa da atamfofi mu raba a mazaɓun Turaki A da B, bisa sharaɗin a zaɓi ɗan takararsa, don in ya ci, kwangila tamu ce. Wasu har sai sun dafa Alƙur'ani. Mene ne hukuncina da na masu karɓa? Wasu na cewa ai kuɗinmu ne aka sace, a karɓa a zaɓi wanda ake so.

AMSA: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, wannan rabo haramun ne. Ƙuri'a shaida ce: mai jefa ta yana shaida cewa wane ya cancanci riƙon amanar jama'a, kuma abin da aka biya don karkatar da shaida rashawa ne. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Amru cewa Annabi (SAW) ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa. Ruwayar Ahmad daga Saubana ta ƙara da dillalin da ke tsakaninsu. Malamai sun yi magana a kan isnadinta, amma aya ta 2 a Suratul Ma'ida, wadda ta hana taimakekeniya a kan saɓo, ta isa hujja a kanka. A Bukhari da Muslim kuma, cikin mutum uku da Allah ba zai yi musu magana ba ranar alƙiyama akwai wanda ya yi wa shugaba mubaya'a don abin duniya kawai.

Laifin maigidanka ya fi nauyi, domin abin da yake rabawa jari ne, kuma daga baitulmali zai fanshe: a ninka kuɗin aiki, a rage siminti, ko a karɓi kuɗi a watsar da aikin. Gwamnan da ɗan kwangila ya ɗora ba ya iya tuhumarsa. Mutanen Taraba sun ga ƙofar da dukiya ke fita: a 2018 Babbar Kotun Abuja ta ɗaure tsohon gwamna Jolly Nyame shekara 14 kan karkatar da sama da naira biliyan ɗaya, ciki har da miliyan 250 na sayen kayan rubutun ofis. Kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 12, aka yi masa afuwa a 2022. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma, a Kitabul Farƙi, ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin al'adun zalunci. Dokar ƙasa ta dace da shari'a a nan: Dokar Kamfanoni ta 2020 ta hana kamfani ba jam'iyya gudummawa, Dokar Zaɓe ta 2022 kuma ta sanya wa mai saye da mai sayar da ƙuri'a tarar naira 500,000 ko ɗaurin wata 12, ko duka biyun.

Batun a karɓa a zaɓi wanda ake so, akwai malaman da suka yi rangwame. Abin da na rinjayar shi ne hani. Haƙƙin jama'a ba ya zama halal ga wanda ya riga wani miƙa hannu, kuma mai karɓa bisa sharaɗi ko dai ya cika ya sayar da shaidarsa, ko ya saɓa ya yi yaudara. Wanda yunwa ta kai shi ga lalura ya karɓa, muna yi masa fatan afuwa, amma ƙuri'arsa ta tafi ga wanda ya cancanta.

Wanda ya rantse zai zaɓi wanda ya san bai cancanta ba, ya warware rantsuwar ya yi kaffara: ciyar da miskinai 10 ko tufatar da su, in bai samu ba, azumin kwana uku.

Kai kuwa, albashinka na aikin gini halal ne, amma ladan rabon ka fitar da shi ga mabuƙata, ba da niyyar sadaka ba. Ka tuba, ka yi wa maigidanka nasiha a asirce, ka ƙi ɗaukar wannan aike ko da zai ɓata masa rai, domin ba a yi wa abin halitta biyayya a saɓa wa Mahalicci. Bayan zaɓe, ku haɗu da dattawan unguwa ku riƙa bibiyar kansila da ɗan majalisa kan ayyukan da aka ware wa mazaɓarku. Wannan yana cikin umarni da kyakkyawa.

Wallahu a'alam.