Sakkwato ko Zariya

Ɗana, ka idar da asuba, amma kada ka yi hanzarin naɗe sallaya. Na san abin da ya hana ka barci: sunan jami'ar da za ka sa a zaɓin farko a fom ɗin JAMB. Lauya kake so ka zama, jami'ar da ke ƙofar gidanmu a Aliero kuwa, wadda aka kafa a 2006, ta kimiyya da fasaha ce. Tafiya ta kama ka ke nan, zuciya kuma ta rabu biyu, ko Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko ta Ahmadu Bello a Zariya.

Sakkwato kusa take. Ka hau mota a tashar Jega da safe, ka bi ta Tambuwal da Bodinga, kafin azahar ka sauka. Idan jikin innarka ya motsa, a ranar za ka iso. Abin da babanka zai samu in ya fitar da albasar ajiya ya sayar zai fi auki a can. Zariya kuwa tsangayar shari'arta da ke Kongo tsohuwa ce, ta yaye alƙalai da lauyoyin Arewa masu yawa, kuma za ka zauna aji ɗaya da 'yan kowace kusurwa ta ƙasar nan. Sai dai hanyar doguwa ce, ta Gusau da Funtuwa, ka kuma san irin addu'ar da uwa ke yi duk ranar da ɗanta ya hau ta.

Irin wannan tsaka mai wuya aka koyar da mu istihara dominta. Jabir ɗan Abdullahi ya ba da labarin cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana koya musu ita kamar yadda yake koya musu surar Alƙur'ani. Ka bari rana ta fito ta ɗaga, domin bayan asuba ba lokacin nafila ba ne, sannan ka yi raka'a biyu ka ambaci buƙatarka. Ka lura da abin da bakinka ke roƙo: abin da ya fi alheri ga addininka da rayuwarka da ƙarshen al'amarinka. Sunan da zai sa abokai su jinjina maka ba ya ciki. A ƙarshenta ma roƙo kake a sanya maka yarda da abin da aka zaɓa maka, wanda a ganina shi ne mafi nauyi a duk addu'ar.

Kada ka zauna jiran mafarki. Ka tashi ka yi shawara. Ka tambayi wanda ya gama a kowace ɗaya yadda karatun yake da abin da shekara ke ci. Ka binciki adadin ɗaliban da hukumar ilimin lauyoyi ta yarje wa tsangayar, domin inda aka ɗiba fiye da ƙima, sai wasu su gama su zauna a gida suna jiran layin shiga makarantar horon lauyoyi. Ka zauna gaban babanka ku ƙirga da gaske, har da shekarar da albasa za ta faɗi warwas.

Mai yiwuwa ka zaɓi ɗaya a ba ka ɗayar. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya taɓa barin gida da niyyar gabas, mutanen Kano suka tsare shi da roƙo, a nan ya rubuta musu Liya'ul Hukkami kan mulki da shari'a, ya dawo. Bai kai inda ya nufa ba, amma har yau ana karanta abin da tsayawar ta haifar.

Hanyoyin biyu ma a gaba suke haɗuwa. Bayan shekara 5, kowa zai wuce makarantar horon lauyoyi, a tura shi Bwari ko Bagauda ko Yola, a ƙarshe a sa masa baƙar riga da farar hula irin na kowa. Daga nan ne abin da nake ji maka tsoro zai fara. Ummu Salama ta ruwaito gargaɗin Manzon Allah cewa wani ya fi wani iya tsara hujja, kuma wanda aka yanka masa haƙƙin ɗan'uwansa saboda iya baki, wuta aka gutsuro masa. Iya bakin nan shi za ka je koyo. Wata rana wata baiwar Allah daga Maiyama za ta shigo ofishinka da takardar gona a ƙulle cikin leda, mijinta ya rasu, dangi sun hana marayu fadamarsu, abin da ke ɗaure a bakin zanenta bai kai kuɗin mota ba. A ranar kuma wanda ya ƙwace gonar zai aiko da nasa, da kauri.

Ya Allah, Ka zaɓa wa yaron nan inda zai fito da tsoronKa, Ka hore wa iyayensa abin ɗawainiya, Ka tsare shi a hanya, Ka sa harshensa ya tsaya wa mai gaskiya. Amin.