Ta wace ƙofa ra'ayin "a bar kasuwa ta yi halinta" ke shigowa?

Kwanan nan an fara jin wata magana a bakin samarinmu na Sabo, musamman 'yan boko: gwamnati ta cire hannunta daga kasuwa, ta tsaya kan tsaro da shari'a, kowa ya ci guminsa. Wasu har suna ambaton Adam Smith, wanda littafinsa kan arzikin ƙasashe ya fito a 1776, ko Javier Milei da ya ci zaɓen Ajantina a 2023 da alkawarin rage wa gwamnati ƙiba. Ni dai ban yarda littafi ne ke fara cusa wa mutum wannan ra'ayi ba. Littafin daga baya yake zuwa, ya raɗa wa ciwon suna.

Yawanci ƙuna ce ke kawo shi. Dattawanmu ba su manta layin kayan masarufi na 1984 ba, lokacin da soja ya matsa wa 'yan kasuwa kan farashi, shinkafa da madara da sabulu suka ɓace daga kanti, suka koma bayan fage da tsada. Na baya-bayan nan sun ga rufe boda daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sun kuma ga canjin kuɗi na farkon 2023, da mai shanu ya tsaya a kara da dukiyarsa, ga mai saye, amma babu takardar naira. Wanda ya sha wannan, ba sai an yi masa lacca ba. Sannan ya tuna wahalar samun layin NITEL, da yadda waya ta shiga aljihun mai shayi bayan an bar kamfanoni sun shigo a 2001.

Akwai kuma ƙofar addini. Hadisin Anas ɗan Malik ya nuna kaya sun yi tsada a Madina, aka roƙi Manzon Allah (SAW) ya yanke farashi, bai yanke ba. Ibn Khaldun ma ya yi gargaɗi cewa shigar sarki fatauci tana cutar da talakawa, tana rage haraji. To ka ga abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Sai dai malaman ba su tsaya nan ba. An hana ɓoye abinci don ya yi tsada, kuma Ibn Taimiyya ya yarda hukuma ta sa baki idan 'yan kasuwa suka haɗa kai suka ƙuntata wa jama'a. Wannan rabin ne samarin kan tsallake.

Ƙofar da ta fi jan hankalina ita ce zangon nan namu. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan Sabo ta Ibadan, ya bayyana yadda shanu ke saukowa daga Arewa, goro ya haura, a kan bashi, ba banki, ba takardar lauya. Maigida ya sauki fatake, ya tsaya musu, dillali ya haɗa ciniki, a ba shi la'adarsa. Saurayi ya ji haka sai ya ce, "Kun gani? Ba gwamnati, ga shi abu ya tafi." Gaskiyarsa. Amma me ya riƙe amanar? Sarkin Hausawa, masallaci, da tsoron kada sunanka ya ɓaci daga nan har Kano. Kuma mu faɗi gaskiya, iyayenmu ba su buɗe harkar ga kowa ba. Sun kange ta, don kangewar ce abincinsu.

Nan ne nake gwada mai wannan ra'ayi. Ranar 29 ga Mayu, 2023, aka ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin kwanaki. Wasu da ke cewa a bar kasuwa, su ne suka fi kowa ihu. Ban ga laifinsu ba, ɗan acaɓa da mai turin ruwa ba su da inda za su jingina. Wanda kuwa ya tsaya kan bakarsa duk da motar kayansa ta ninka kuɗi, ina girmama shi ko da mun saɓa.

Saura tambaya ɗaya da zan yi masa. Gobe Bayarabe ya je Potiskum da kansa, ya ciko tirela da shanu, ya sauke a kara ba tare da ya bi ta hannun dillalinmu ko ƙungiyarmu ba, za ka ce a ƙyale shi?