Kyautar Rabuwa Ba Biki Ba Ce



Duk shekara idan karatu ya ƙare, yaranmu da ke Madina da Alƙahira sukan fara dawowa, wasu hutu, wasu kuma sun kammala ke nan. Gida ya cika, a buɗe akwati, kowa idonsa na kan tsaraba: dabino, turare, jallabiya. Amma a ƙasan akwatin akan tarar da wani abu da ba rabon kowa ba ne. Tsohon littafi ne da aka cika gefensa da rubutu, ko baƙar hula irin ta mutanen Indunusiya, ko carbi da ya sha hannu. Uba ya tambaya, yaro ya ce abokinsa ne ya ba shi ranar da suka rabu. "To kai me ka ba shi?" Ya ce babbar rigar shaddar da aka ɗinka masa ta Sallah. Nan fa ran Alhaji ya ɓaci. Mun ji wannan ƙorafi a ƙofar masallacin nan ba sau ɗaya ba, shi ya sa muka ga ya dace mu tattauna shi: shin an cuci yaron ne?

Mu 'yan kasuwa ne, lissafi a jininmu yake. Wanda ya wuni yana auna riɗi da agushi, yana ƙirga doya ƙwarya-ƙwarya ana lodi zuwa Kano, da wuya ya ga shadda ta tafi littafi ya dawo bai buga lissafi a zuci ba. Kuma a gida mun saba da biki. Mace ta kai wa ƙawarta gudunmawa ranar suna, ranar nata sha'anin a mayar mata, har da ƙari, wasu ma rubutawa suke yi. Biki yana da amfaninsa, ba kushe shi muke ba. Sai dai shi biki yana rayuwa ne da cewa za a sake haɗuwa.

Su waɗannan yara fa? Jami'ar Musulunci ta Madina, tun da aka buɗe ta a 1961, ɗalibai take tarawa daga ƙasashe fiye da ɗari. Ɗan Lafiya zai kwana ɗaki ɗaya da ɗan Sanagal ko ɗan Fakistan shekara huɗu, su ci a kwano ɗaya, wannan ya yi jinyar wancan. Ranar tafiya kowa ya san, ko bai faɗa ba, mai yiwuwa sai dai a lahira. Kyautar da aka yi a wannan rana ba a jiran ramuwarta, don babu ranar da za a rama.

Malamanmu na Malikiyya ba su bar wannan bambanci a duhu ba. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda yawancinmu muka ɗauka a zaure, an ware kyautar da aka yi don a samu musaya. Ita wannan kusan ciniki ce: wanda aka ba, ko ya biya ƙimarta ko ya mayar da ita. Wadda aka yi don Allah da zumunci kuwa hukuncinta daban ne, kuma Annabi (SAW) ya yi kakkausan kashedi ga mai komawa cikin kyautarsa. Saboda haka idan uba ya ce wa ɗansa "ai ka yi asara," ya ɗauko kyautar zumunci ya mayar da ita ciniki, bayan su masu abin ba su ƙulla ciniki ba.

Wani zai ce, to ai sakayya ma sunna ce. Gaskiya ne. Nana A'isha ta ba da labarin cewa Manzon Allah (SAW) yana karɓar kyauta kuma yana sakawa. Amma an kuma koya mana cewa wanda bai sami abin sakawa ba ya yi addu'a, ta wadatar. Ba a ce sai mudu ya yi daidai da mudu ba. Najjashi sarkin Habasha guda ne, amma cikin abin da ya aiko wa Annabi (SAW) har da huffi biyu baƙaƙe marasa ado, kuma ya sa su ya yi shafa a kansu. Littafin nan da Alhaji ya raina, wataƙila shi kaɗai ne abin da abokin ya mallaka da hannunsa ya taɓa kowace rana.

Inda muke ganin akwai gyara, a wajen mai hali ne. Yaron da iyayensa ke turo masa kuɗi duk wata, in ya fito da agogo mai tsada a daren ƙarshe ya miƙa wa wanda da ɗan alawus na makaranta yake rayuwa, ya ɗora masa nauyin da ba shi da lokacin saukewa. Sai mutum ya hau jirgi da kunya a maimakon kewa. Gara ya ba shi hularsa da ya saba gani a kansa, ko ƙur'anin da suka yi tilawa da shi tare. Iyaye, in yaro ya bugo waya yana neman kuɗin sayen abin bankwana, a tambaye shi halin abokin kafin a tambayi farashi.

Sai maganar bashi, wadda ba ma so a wuce ta. Zaman ɗalibai ba ya rasa 'yar rance, yau riyal ashirin, gobe hamsin. Kyauta ba ta goge bashi. A fara zama a yi lissafi, a biya ko a nemi yafiya baki da baki, sannan a yi kyauta. Mun san yadda wasu a kasuwa ke toshe bakin mai binsu da goro, kada yaranmu su kai wannan hali ƙasar mutane.

Kuma ba dole sai ranar ƙarshe ba. Ku tuna da ɗaliban Sudan. Yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu, 2023, ana cikin goman ƙarshe na azumi. 'Yan Najeriya da ke Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa da sauran makarantu aka kwashe su a motocin bas, wasu suka yi kwanaki a iyakar Masar, wasu ta Port Sudan, sai farkon watan Mayu jirage suka fara sauke su a Abuja. An bar littattafai a ɗaki, an bar abokai ba ko musafaha. Da yawansu abin da ya rage musu na shekarun nan lambar waya ce a WhatsApp, wata tana shiga, wata tun ranar ba ta sake shiga ba.

Allah ya tsare mana na waje, ya dawo da su lafiya.