Batir Na Biyu

A Kurni, ƙasar Matamaye, akwai wani saurayi da kawunsa ya damƙa wa wata tsohuwar Toyota Corolla, a kan ya riƙa kawo masa abin da suka yanke duk mako. Ranar Juma'a ya kwashi ƴan kasuwa zuwa Matamaye, wani lokaci ya miƙa ta Takeita har Damagaram. Yaro ne mai hannu a tuƙi, ba ya cin kuɗin mai, kawun kuma bai taɓa kuka da shi ba.

Da kaka ta yi, aka sayar da gyaɗa da wake, bukukuwa suka kankama. Saurayin ya lura motar da ake rububin ɗauka wajen kai amarya ita ce wadda ake jin kiɗanta tun kafin a hango ƙurarta. Yana da aboki mai shiga Kano ta Ɗan Barto da Daura, sai ya ba shi saƙo. Abokin ya dawo daga kasuwar Sabon Gari da amfilifaya ta hannu, an rubuta wat 2000 a jikinta, da manyan lasifika biyu da suka cinye rabin but.

Kiɗa ya tashi, amma da dare wani abu ya bayyana. Duk sanda ganga ta buga, fitilun gaba sai su dushe, su dawo, su sake dushewa. Abokin ya ce wannan ba komai ba ne, batir ne ya yi kaɗan, a ƙara wani.

Saurayin ya tafi Matamaye wurin wani dattijo mai wayarin, wanda ya daɗe yana wannan aiki. Ya gaishe shi ya ce, "Baba, batir nake so a ƙara mini a baya."

Dattijon bai ce komai ba sai da ya ɗora mita. Mota a kashe, allura ta nuna bolt 12.6. Aka tayar, ta hau 14. Aka kunna fitilu da kiɗa, ta gangaro ƙasa da 13, tana rawa.

"Ka gani, ɗan nan? Batir rumbu ne, altaneta ita ce gona. Wanda gonarsa ba ta ciyar da gida, ko rumbu goma ya gina ba a ƙara masa dami ɗaya ba. Altanetar motar nan ba ta wuce amfiya 70 zuwa 80. Fitilu da fanka da famfon mai suna cin kusan rabi. Wannan 2000 da aka rubuta, rubutu ne kawai na masu sayarwa. Ko 500 take bayarwa na gaskiya, in ka ƙure ta za ta ja kusa da amfiya 50. Yi lissafin da kanka."

"To Baba, ba za a iya ba ke nan?"

"Ana iyawa. Amma batiran su zama iri ɗaya, shekara ɗaya, don tsoho yana zuƙe sabo ko mota na kwance. Waya mai kauri kamar ɗan yatsanka. Fiyus biyu, ɗaya kusa da kowane batir. Rile a tsakani, wanda zai raba su in an kashe inji, don na gaba ya tsira da abin tayar da mota. Na bayan kuma a ɗaure shi cikin akwati mai mafitar iska, domin batir mai ruwa yana fitar da iskar da ke kamawa da wuta in yana caji. Bayan duk wannan ma, in kana son ƙara irin wadda kake so, sai an canja altaneta."

Ya faɗi kuɗin. Saurayin ya ce zai je ya yi shawara.

Shawarar ba ta wuce wurin abokin ba. Shi kuwa ya ce tsofaffin nan haka suke, sai su tsorata mutum don su ci kuɗinsa. Suka samo wani batir da aka cire daga wata mota, suka sayi wayar wutar gida, suka zura ta ta wata kafa a jikin ƙarfen mota ba tare da roba ba, suka bi da ita ƙarƙashin kujeru har but. Abu ɗaya suka yi daidai: ja da ja, baƙi da baƙi. Da sun jera su wutsiya da kai, bolt 24 zai fito, rediyo da amfilifaya su ƙone nan take, kuma da hakan ya fi musu sauƙi, don da asarar ta tsaya nan.

Sai ga shi fitilu sun rage rawa. Irin wannan aiki muguntarsa ke nan, yana yin kyau a farko. Saurayin ya samu biki biyu a jere, har ya fara ba da labarin dattijon a tasha ana dariya.

Biki na uku a wani ƙauye ne da ke bayan Kurni. An ce a zo bayan Magariba, amma wanda ya san kai amarya ya san ba a fita a kan lokaci: ga nasihar iyaye, ga kuka, ga ƙawaye da nasu sharuɗɗan. Ya kashe inji don tattalin mai, ya bar kiɗa yana yi wa yara. Da aka fito da amarya bayan Isha, ya murɗa makulli, sai ƙas, ƙas. Babu abin da ya raba batiran, kiɗa ya shanye su tare. Samari suka yi ta turi a cikin rairayi ba ta tashi ba, sai da aka kawo wata mota aka jona.

Suka ɗauki hanya, altaneta tana fama da batira biyu da babu komai a cikinsu, ga fitilu, ga kiɗan da ƙawaye suka ce a ƙara. Hanyar kuma gargada ce, wayar tana ta gugar bakin ƙarfe. Wata gwaggon amarya ce ta fara cewa tana jin ƙauri. Kafin a tsaya, hayaƙi ya fara fitowa daga ƙarƙashin kujera.

Mata suka fito da salati. Saurayin ya buɗe gaba ya fizge kan batir, hayaƙi bai tsaya ba, domin na baya yana ci gaba da turo wuta cikin wayar, babu fiyus da zai tsinke. Wani direba da ke biye da su ne ya gane, ya buɗe but ya cire ɗayan, aka yi ta watsa ƙasa. Ba wanda ya ƙone. Kujerar baya ta tafi, da gefen mayafin wata ƙawa. Amarya kuwa a amalanke ta ƙarasa ɗakinta.

Da safe kawun ya zo ya zagaya motar, bai ɗaga murya ba. Ya sa aka ja ta zuwa Matamaye.

Dattijon ya kwance altaneta ya shinshina, ya ce ita ma ta ƙone. Bai tuna wa saurayin komai ba. Ya dubi kawun ya ce, "Alhaji, hanya biyu ce. Ko a sa babbar altaneta da sababbin batira biyu da duk abin da na lissafa masa, ko a mayar da irin tata, a cire lasifika ɗaya, a bar batir ɗaya mai kyau da waya mai kauri da fiyus."

"Ni ba ni da zaɓi a nan," in ji kawun. "Kuɗin daga rabonsa za su fita, mako-mako. Ɗana, wanne za a yi?"

Saurayin ya tambayi kuɗin kowanne. Ya sunkuya yana lissafi da yatsa a ƙasa, ya ga na farkon zai kai shi har wata kakar bai gama biya ba, ga kuma kujera.

"Baba, a cire lasifikar," ya ce. "In da mai so, a sayar masa."