Mai Jinya Ma Yana Buƙatar Dubiya

Ya ku jama'ar Funtua, Malumfashi, Bakori, Ɗanja, Ƙafur, Dandume da kewaye.

Zuwa dubiya halinmu ne, ba mai ƙwace mana shi. Da an ji wane ba lafiya, takalma sun cika ƙofar ɗaki, ana ta "Ya jiki? Allah ya sawwaƙe." Sai dai a gidan da ciwon daji ya sauka akwai wanda muke wucewa ko sannu babu: mai jinya. Shi ne ke shimfiɗa mana tabarma, ya raka mu har zaure, ya koma ɗaki da nauyinsa shi kaɗai.

Jinyar daji ta watanni ce, wani lokaci shekaru. Galibi daga babban asibitin Funtua ko na Malumfashi akan tura mutum Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Katsina, ko Kano. Allurar kemo sau da yawa duk bayan mako 3 ake yin ta, gashi da na'ura kuwa kwana 5 a mako har tsawon makonni. Duk wannan zirga-zirga wani ke riƙe da hannun mara lafiya. Ku je Shika ku ga yarinyar da ta bar makaranta don uwarta: tabarma a hammata, takardun gwaji a leda, ta bi layin biyan kuɗi, ta bi na magani, kafin asuba ta wanke zannuwan da suka ɓaci don kada kowa ya gani. Ku dubi magidancin da damina ta riske shi a asibiti: masara na jiran taki, ciyawa ta cinye auduga, ya sayar da shanun huɗa, da kaka kuma ya kai hatsinsa kasuwar Dandume lokacin da farashi ya faɗi warwas.

To, me ya rage mana?

Manoma, ina gayyar da muka gada? Ku ware rana ɗaya ku shiga gonar mai jinya, ku yi masa noma ko girbi ba tare da ya roƙa ba. Mai kunya ba zai taɓa buɗe baki ba.

Iyaye mata, ku yi karɓa-karɓar kwana. Yau ke, gobe waccan, mai jinya ta samu ta runtsa. Wata ta ɗauki girki, wata ta riƙe yara.

Matasa, kemo na rage jini. Ku je ku ba da naku, kada a bar mutum yana yawon neman mai bayarwa a garin da bai san kowa ba.

Masu hali, musamman dillalan hatsi da auduga, ku tuna da waɗannan gidaje a zakka da sadaka. Ko kuɗin motar Funtua zuwa Zariya ka ɗauke wa mutum, ka sauke masa dutse daga ƙirji.

Masu ilimin zamani, gwamnatin tarayya na da asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu sankarar mama, ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, kuma Shika na cikin asibitocin da aka fara da su. Ku taya su tambaya da cike takardu.

Sai kuma harshe. Mu daina shiga gidan jinya da "ai sammu ne", ko "da kun kai ta wurin wane". Irin wannan magana na cinye kuɗin magani, tana jawo jinkiri har ciwo ya ci jiki, ta bar mai jinya da zargin kansa. Ciwon daji ba a ɗaukarsa ta kwano ko shimfiɗa, don haka babu dalilin ƙyama. Kai kuma maigida da ka tattara matarka ka mayar gidan iyayenta don ciwo ya kama ta, ka ji tsoron Allah. Limamai, ku faɗi wannan a kan mumbari.

Ke da kike jinya, kai da kake jinya, gajiya ba butulci ba ce. Ku ci abinci, ku huta, idan an miƙo hannu ku karɓa. In kun kwanta, marasa lafiya sun zama biyu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da mafificin alheri, ya ba mu ikon sauke haƙƙin maƙwabtaka. Amin.