SHIN MAKIN GWAJIN INTANET YANA ZAMA UZURI?

Yanzu matasa da yawa suna shiga intanet su amsa wasu tambayoyi, cikin minti goma a fito musu da maki a ce suna da alamomin otizim, lalurar da wasu ke fassarawa da galahanga. Tambayata a nan ita ce: wanda ya samu wannan makin, me ya hau kansa, me kuma ya sauka?

Mu fara sanin abin tukuna. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne AQ, wanda Farfesa Simon Baron-Cohen da abokan aikinsa na Jami'ar Kambirij a Ingila suka fitar a 2001. Tambayoyi 50 ne, irin su ko ka fi son zuwa ɗakin karatu a kan wajen biki, ko kana yawan lura da lambobin motoci. A binciken nasu, kashi 80 cikin ɗari na masu lalurar sun ci maki 32 zuwa sama, amma kashi 2 na sauran mutane ma sun ci hakan. Kenan cikin mutum dubu da ba a san su da lalurar ba, kusan 20 za su haye wannan layin. Su kansu masu gwajin sun ce na tantancewa ne kawai, ganewa aikin likita ne.

Ga kuma wata matsalar. A wannan gwajin kai ne mai ƙara, kai ne shaida, kai ne alƙali. Wanda damuwa ta yi wa katutu, ko mai fargabar shiga jama'a, zai iya cin maki mai yawa alhali matsalarsa daban ce. Shi ya sa likita yake binciken yarintar mutum, ya tambayi iyaye ko waɗanda suka raine shi, don otizim tun ƙuruciya yake farawa. Sannan akwai al'ada. Kauce wa haɗa ido yana cikin alamomin da ake dubawa, mu kuwa yaron da ya sunkuyar da kai gaban babba sai mu ce ya samu tarbiyya.

To yanzu maganar uzuri. Ni a ganina makin yana ƙara wa mutum nauyi ne kafin ya rage masa. Nauyin shi ne ya je wajen ƙwararre a duba shi. Amma a ce ka ci 35, shikenan ka daina gaida mahaifiyarka, ka yaɓa wa matarka magana ka ce "ai haka ƙwaƙwalwata take", wallahi wannan son rai ne. Ko likita ya tabbatar, haƙƙin mutane yana nan, hanyar sauke shi ce take canzawa. Idan hayaniyar biki na wahalar da kai, je ka yi wa mai bikin murna washegari da gida ya yi shiru.

Mu ma sauran jama'a akwai namu. Mutum ya shekara talatin ana ce masa mai girman kai, miskili, ko a ce aljanu ne, ranar da ya zo da takarda yana cewa kila ya gano dalili, sai mu yi masa dariya mu ce cutar Turawa ce. Haba! Allah ba Ya ɗora wa bawa abin da ya fi ƙarfinsa, mu kuma don me za mu ɗora? Ku saurare shi, ku raka shi asibiti, ku rage masa abin da za a iya ragewa.

Wanda ya yi gwajin, kada ya yanke wa kansa hukunci, kada kuma ya yi banza da sakamakon in har rayuwa na yi masa wuya. Ya nemi likitan ƙwaƙwalwa, ya tafi da wanda ya san yarintarsa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu dace. Wallahu a'alam.