Wa ya aiko ka, kuma mi zai samu?

Hutun lakkol na bara na samu ɗan aiki da wata ƙungiya da ta zo bincike kan damuwa da rashin barci tsakanin mata, a ƙauyukan da ke kewayen Maijirgi. Aikina tafinta ne da cika takarda: in karanta tambaya da Faransanci, in juya ta Hausa, in rubuta amsa. Ana biyana ne bisa yawan takardun da na cika. Ku riƙe wannan, zan komo gare shi.

A wani gida na iske wata tsohuwa tana sussuka, ɗiyarta na zaune gindin zana. Tun da ta haihu ba ta barci, ba ta son magana. Na gaida tsohuwar, na faɗi abin da ke tafe da ni. Ta aje taɓarya ta ce, "Ɗana, wa ya aiko ka, kuma mi zai samu?" Na ce, "Inna, ai taimako ne." Ta ce, "To, taimakon wa?" Wallahi ban san wanda ya zuba kuɗin binciken ba. Abin da na sani, in ta ƙi, takarda guda ta kuɓuce mini. Sai na ji bakina ya ce, "Ƙila a kawo muku magani." Ba wanda ya gaya mini haka. Ta yarda, na cika takardata, na wuce gida na gaba.

Hausawa sun ce in baki ya ci, ido ya ji kunya. Ni ɗan abin da na ci bai taka kara ya karya ba, amma ya isa ya karkata harshena. To ina ga wanda ya ci miliyoyi?

A shekarar 2001 aka buga wani bincike a Amurka da ake kira Study 329, kan maganin paroxetine da ake sayarwa da sunan Paxil. Kamfanin da ke yin maganin, wanda ya zama GlaxoSmithKline, shi ya biya kuɗin aikin. Rahoton ya ce maganin na yi wa matasa masu ciwon damuwa amfani, kuma jikinsu na ɗaukarsa. A 2015 wasu masana suka sake duba ainihin bayanan, suka buga sakamakonsu a mujallar likitanci ta BMJ: maganin bai fi ƙwayar da babu magani cikinta ba, kuma ya ƙara wa wasu matasan tunanin halaka kansu. Kafin nan, a 2012, kamfanin ya amince ya biya dala biliyan 3 a Amurka kan laifuffukan da suka haɗa da tallar Paxil ga ƴan ƙasa da shekara 18. Shekara 14 ke tsakanin rahoton farko da na biyu, kuma a cikinsu likitoci sun yi ta rubuta wa ƴaƴan mutane maganin bisa amana.

Kada mu ce abin na nesa ne. A Kano, lokacin annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya shafi yara kimanin 200, inda 11 suka rasu, wasu cikin waɗanda aka ba Trovan, wasu cikin waɗanda aka ba ɗayan maganin. Iyaye suka ce ba a bayyana musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya ce ya nemi yardarsu. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Sanƙarau ba ciwon tunani ba ne, amma darasin ya shafe mu: sa'ad da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a Kano a 2003, labarin Trovan na cikin abin da mutane ke ambata. Amanar da mai bincike guda ya ci, ma'aikacin lafiyar da ya zo bayansa ke biyan bashinta.

Wani abokina ya ce mini, "Kai, bar wanga zance. In ba kuɗin waje, wa zai kula da masu taɓin hankalinmu?" Yana da hujja. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijar ƙalilan ne, kuma mutumin ƙauye ya fi kusa da malami ko ɗan bori bisa ga asibitin Maraɗi ko Yamai. Bincike na cin kuɗi, mu kuwa ba mu da su. Ni ma ban ce a ƙi karɓa ba. Sai dai kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Mai kuɗi shi ke zaɓen tambayar da za a yi. Mai sayar da ƙwaya zai tambayi wace ƙwaya ke aiki, da wuya ya biya a binciki abin da bashi, yunwar bazara, ko miji da ya tafi cin rani shekara biyu ba aike ke yi wa zuciyar mace.

Mai ciwon tunani kuma ya fi kowa rauni wajen cewa a'a. Sau da yawa wani ke amsawa a madadinsa, kamar yadda Inna ta amsa wa ɗiyarta. Ni ban ko tambayi ita mai jegon ba ko tana so. Sanarwar Helsinki, wadda ƙungiyar likitocin duniya ta fara fitarwa a 1964, ta ɗora bincike kan yardar wanda ake binciken a kansa. Yardar da aka samu da alkawarin ƙarya irin nawa ba ta cika wannan sharaɗi ba.

Da yawanmu ɗalibai irin wannan aiki muke samu lokacin hutu, kuma mu ne fuskar da ƴan ƙauye ke gani. Don haka kafin mu ɗauki takarda, mu tambayi masu aikin: wa ya ba da kuɗin? Kwamitin ɗa'a ya duba aikin? In sakamako bai yi wa mai kuɗin daɗi ba, za a buga shi? Za a komo a gaya wa mutane da Hausa abin da aka gano? Mu kuma nemi a riƙa biyan kuɗin yini, a bar lissafin takarda, don kada aljihunmu ya ji zafin wanda ya ƙi amsawa.

Bana in na je gida zan koma gidan nan in gaya wa Inna cewa maganar magani daga bakina ta fito, in roƙi gafararta, in kuma tambayi jikin ɗiyarta.